Babi na 7: Ƙurar Hanyar Takoradi a Fiffiken Ɗan Jirgi

Da kaka ta yi a Hawandawaki ta ƙasar Nijar, an girbe gero da dawa, kara ya zube a gonaki, sai kasuwar ƙere-ƙeren yara ta buɗe. A ɓare bayan kara a fitar da siraran tsinkaye masu kaifi, a yanka totuwar ciki gunduwa-gunduwa, a soke wannan da wancan. Mota aka fi yi, amma ba a rasa wanda zai ce shi jirgin sama zai ƙera: gangar jiki ta sillen kara, fukafukai na kwali ko na gwangwanin madara da aka baje, ga farfela a hanci tana juyawa in an ruga da gudu. Babu mai tambayar yaron wane irin jirgi ne wannan. Jirgi ne, shi ke nan.

A wasu ƙasashe akwai manya, har da masu furfura, da ba su bar wannan wasa ba. Sai dai sun gindaya wa kansu sharaɗi mai tsauri: dole ɗan jirgin ya zama wani jirgi takamaimai da ya taɓa tashi, da lambarsa da launinsa, har da dattinsa. Sassan na roba ne, kamfani ke yin su da zubi ya saka a kwali. Mai aiki ya yanko su, ya goge da samfefa, ya haɗa da gam. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1/72, wato kowane santimita ɗaya a jikin samfurin yana madadin santimita 72 a jikin jirgin gaske. A Ingila ma'aunin ya samo tushe, da samfuran katako na Skybirds a 1932, sannan na roba da FROG ya fara fitarwa a 1936. Yaƙi ne ya ƙara masa ƙarfi. A 1942 sojan ruwan Amurka suka nemi ɗaliban makarantu su sassaƙa ƴan jirage 500,000 a wannan ma'auni, don a koya wa sojoji bambanta jirgin gida da na abokan gaba. Baƙin fenti kawai aka shafa musu, tun da siffa ake nema. Bayan yaƙi ne Airfix a Ingila, da Heller a Faransa, da Tamiya a Japan suka mai da abin kasuwa.

Harhaɗawa ba ta da wuya ga mai haƙuri. Fenti ne ke raba gwani da ɗan koyo, kuma bayan fenti akwai abin da ya fi shi wuya, wato a sa wa sabon abu tsufa yadda ido zai yarda.

Mutumin ƙasar Tasawa ko Mayahi in zai zaɓi jirgin yaƙi guda, ba sai ya je neman na nesa ba. Hawker Hurricane, wanda Sydney Camm ya tsara, ya fara tashi a watan Nuwamba na 1935, an kuma ƙera fiye da 14,000. Daga cikinsu masu yawan gaske sun kwana a Kano, wadda tsakaninta da Hawandawaki a miƙe bai kai kilomita 200 ba.

Yadda aka yi kuwa, a watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga Yaƙin Hitila. Bahar Rum ta zama hanyar mutuwa ga jiragen ruwan Ingila, zagayowa ta ƙarshen kudancin Afirka kuma makonni ne masu yawa, ga sojojin Ingila a Masar suna jiran jiragen sama. Dabarar da aka fito da ita: a ɗebo jiragen a wargaje cikin akwatunan katako, a sauke su a tashar Takoradi da ke ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, a tuƙa su su ratsa Afirka. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940. Daga Takoradi sai Legas, sai Kano, sai Maiduguri, sai Fort Lami wadda yau ake kira Injamena, sai El Geneina da El Fasher da Khartum, a bi Kogin Nilu har Masar. Kusan kilomita 6,000 ne, tafiyar kamar mako guda in komai ya tafi daidai. Zuwa 1943 jiragen da suka bi hanyar sun haura 5,000.

Hanyar ta yiwu ne saboda gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ranar 26 ga Agusta, 1940. Nijar kuwa tana hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta miƙa wuya ga Jamus, ba ta juya ba sai watan Nuwamba na 1942. Ke nan a waɗannan shekaru biyu, iyakar da ke kudu da Hawandawaki, wadda mutane ke tsallakawa zuwa kasuwa da biki, ta raba ɓangarori biyu da ba sa ga maciji. Matuƙin da hazo ya ɓatar ya karkata arewa, ƙasar da ba ta maraba da shi zai faɗa. Shi ya sa Hurricane ba ya tafiya shi kaɗai. Jirgin Blenheim mai injin biyu, wanda ke da mai duba taswira a ciki, shi ke gaba, ƴan Hurricane kamar shida suna biye. Cikin matuƙan har da ƴan Folan da yaƙi ya raba da ƙasarsu.

Akwai wani abin ban sha'awa a nan. Jiragen sama na farko da suka sauka Kano, ranar 1 ga Nuwamba, 1925, guda uku ne ƙirar DH.9A daga Masar, jagoransu kuma Arthur Coningham. Shi ɗin ne daga 1941 ya shugabanci rundunar saman Ingila a hamadar Masar da Libiya, wato shi ke karɓar jiragen da ke biyowa ta hanyar da ya taɓa ratsawa yana matashi.

To, duk wannan tarihi me ya haɗa shi da buroshi? Shi ne ke amsa tambayar da ya kamata a yi kafin a buɗe gwangwanin fenti: wannan jirgi, a wace rana, kuma a ina?

Hurricane da ya sauka Kano a farkon 1941 sabo ne fil. Kwanansa biyu ko uku da barin Takoradi, bai ga yaƙi ba. Fentinsa na masana'anta ne, kuma na farko-farkon sun zo da launin gida: kore mai duhu da ruwan ƙasa mai duhu a sama, launin da aka yi don gonakin Ingila. Cikin 1941 ne aka riƙa maye koren da ruwan ƙasa mai haske mai ɗaukar rawaya, cikin jirgin kuma aka shafa shuɗi mai kama da sararin hamada. A ƙarƙashin hancinsa akwai wani babban haɓa, matacin iska na Vokes, wanda aka ƙara don kada rairayi ya cinye injin Merlin. Ƙarƙashin fukafukai akwai tankuna biyu na ƙarin mai. Hotunan wasu jiragen hanyar sun nuna farin fenti da aka shafa wajen wutsiya da gadon baya, don masu nema su hango jirgin daga sama in ya faɗa daji. Ko tambarin ma yana da zamani: zoben rawaya mai faɗi a gefen jiki na kafin tsakiyar 1942 ne, daga nan aka sirantar da rawaya da farin. Wanda ya ɗora sabon tambari a jirgin 1941 ya yi wa jirgin ƙarya tun kafin ya kai ga datti.

Shi kuwa wannan jirgi in aka same shi bayan wata shida a fagen daga kusa da Tobruk, ya zama wani abu dabam. Rana ta ci shi, rairayi ya kankare shi, kanikawa sun tattaka shi.

Aikin fentin kansa yana farawa da sabulu. Ana wanke sassan da ruwan ɗumi don a cire maiƙon zubi da na yatsu, in ba haka ba fenti ya riƙa tattarewa. Mazaunin matuƙi ake fara yi da kore mai toka-toka tun kafin a haɗe gangar jiki, don in an rufe buroshi ba ya shiga. Sai fentin shimfiɗa mai ruwan toka, wanda ke tona asirin duk wata tsaga da gam bai cike ba. Daga nan launi mai haske ake fara sawa, a bi shi da mai duhu, ana rufe inda ba a so da salatif na takarda. Ƙa'idar ita ce a tsinka fentin ya yi ruwa-ruwa, a shafa sau uku ko huɗu, kowanne ya bushe kafin na gaba. Shafi ɗaya mai kauri yana binne duk zanen ƙusoshi da layukan da kamfani ya sha wahalar fitarwa. Gwanaye kuma sukan ɗiga ɗan fari a kowane launi, domin wanda ke kallon samfurin daga nisan mita ɗaya tamkar yana kallon jirgin gaske ne daga mita 72, kuma abin da ke nesa ba ya nuna launi mai kauri. Girman ma yana koya wa mutum ladabi. Fukafukan da suka kai mita 12 sun koma santimita 17. Rawayar da ke bakin kowane reshen farfela, inci huɗu a jirgin gaske, ba ta kai milimita ɗaya da rabi ba.

Littattafan wannan sana'a a ƙasashen sanyi aka rubuta su, saboda haka ba su san bazarar Maraɗi ba. Fentin da ake tsinkawa da ruwa yakan bushe a bakin buroshi kafin ya taɓa jirgin. Da hunturu kuma ƙura ce ke sauka kan ɗanyen fenti ta zauna daram. Mafita ita ce a yi aiki bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, a kife roba mai tsabta a kan jirgin da zarar an ɗaga hannu. Tina ɗin da masu fentin mota ke amfani da shi yana narkar da irin wannan roba, ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata fiffike. Samfurin da aka manta a bakin taga ko cikin mota da tsakar rana kuwa, lanƙwashewa yake yi, ba ya kuma miƙuwa.

Kafin a manna tambura sai an shafa banish mai sheƙi. Su tamburan ƴan siraran sitika ne da ake jiƙawa a ruwa a zame su da matsefata. In fuskar fentin tana da kaushi, iska na maƙalewa ƙarƙashinsu, gefensu ya yi fari-fari yana ƙyalli, kowa ya gane manne aka yi.

Sai tsufa. Nan ne ya kamata mai aiki ya san da me aka gina jirgin, domin Hurricane jirgi ne mai jiki biyu. Hanci da fukafukai, a ƙirar da aka yi tun daga ƙarshen 1939, fallayen alminiyam ne. Daga bayan matuƙi zuwa wutsiya kuwa yadin lilin ne aka ɗame a kan ƙashin bututun ƙarfe da siraran katako. Saboda haka ɓarewar fenti mai nuna farin ƙarfe tana da wurarenta: gindin fiffiken hagu inda matuƙi da kanikawa ke takawa, gefen murafun inji inda sukudireba ke zamewa, murafun akwatin harsashi, da goshin fiffike inda rairayi ke duka. Wanda ya ɗiga azurfa a kan yadin baya ya nuna bai san jirginsa ba, kuma ana ganin haka har a gasar manya. Yadi koɗewa yake yi, ko a yi masa faci. Haka tsatsa. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa, don haka ruwan tsatsa ba shi da gurbi sai a bututun salansa da ke gefen hanci. Ko farfela sai an duba: ta de Havilland ƙarfe ce, bakinta na iya nuna fari, ta Rotol kuwa akasari matsattsen katako ce.

Ana yin ɓarewar da ɗan guntun soso. A tsoma shi cikin fenti ruwan azurfa, a daddanna a kan takarda har sai ya kusa daina fitar da komai, sannan a taɓa jirgin da shi sau biyu ko uku. In ana son layi siriri, fensir mai launin azurfa ya wadatar. Wasu gishiri suke sawa: a shafa azurfa a ƙasa, a jiƙa, a barbaɗa gishiri, a fesa launi a kai, in ya bushe a karkaɗe. Dabara ce mai kyau, amma a 1/72 ta cika wuce gona da iri.

Koɗewa daga sama take farawa, kamar yadda rigar shuɗi ke fara koɗewa a kafaɗa alhali hammata na nan da launinta. Gadon baya da saman fukafukai su ake ɗan haskakawa, gefe kaɗan, ciki kuwa a bar shi. Ja da shuɗin tambarin saman fiffike su ma rana ba ta ƙyale su, sai dai mutane da yawa sukan tsufar da jirgi su bar tambari sabo yana walƙiya.

Hayaƙin salansa yana da labarinsa. Yana fitowa daga bututun, ya bi gefen jiki, ya ɗan sunkuya yadda iska ke bin saman fiffike, yana raguwa har ya ɓace wajen tambari. Baƙi ne mai ruwan ƙasa, amma a tsakiyarsa akan ga toka mai haske, saboda dalmar da ke cikin man jirgin. Wannan hasken ya fi fitowa in matuƙi ya rage wa inji mai don doguwar tafiya, abin da kowane matuƙin hanyar Takoradi ke yi tsakanin Legas da Kano, tafiyar fiye da kilomita 800. Da garin alli mai launi ake zana shi, a kankaro shi da reza, a ɗebo da busasshen buroshi. Baƙin mai kuwa ƙarƙashin ciki yake bi, daga inji zuwa baya. Bindigogi takwas ne a fukafukan ƙirar farko, kuma akan liƙe bakin kowacce da ɗan jan ƙyalle don hana ƙura. In ƙyallen yana nan lafiya, ba a harba ba, saboda haka babu dalilin zana baƙin albarushi a bayansa.

A kan layukan da ke tsakanin fallaye akan zuba tsinkakken fentin mai, ruwan ƙasa mai duhu, ya bi tsagar da kansa, a goge saura. Yayi ne yanzu a cika shi har jirgi ya fito da baƙaƙen layuka ko'ina. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Layin da ya kai kashi uku cikin goma na milimita a samfurin, a jirgin gaske ya zarce santimita biyu, kuma babu hafsan da zai bar jirgi mai irin wannan tsaga ya tashi.

Ƙura ce ta ƙarshe, kuma a nan mutumin jigawa ya fi mai sayen garin launi a kwalba sani. Ya ga yadda take kwanciya a jikin babur da amalanke: ba ko'ina take zama daidai ba. A jirgi, iskar farfela ke kwaso ta daga ƙasa ta watsa baya, ta tara a tayoyi da murafunsu, da bakin matacin iska, da ƙasan wutsiya, ta kuma manne duk inda mai ya jiƙa. Launinta ma yana canzawa a hanya: ja-ja a Kano, fari-fari a rairayin El Fasher. Ƙasar tsakar gida tana iya yin aikin, amma ba yadda aka ɗebo ta ba. Ƙwayar rairayi mai rabin milimita, in an auna da 1/72, dutse ce mai kusan santimita huɗu. Sai an daka ta liƙis, an tankaɗe da tsumma mai laushi, an ɗauki abin da ya rage a yatsa kawai. Bayan an rufe komai da banish maras sheƙi ake sa ta, domin banish yana shanye launinta. Murfin gilashi kuma a bar shi tas, don shi ne abin da kanikawa ba sa wasa da gogewarsa.

Mai son ya ga bambanci sai ya ajiye wani jirgi kusa da wannan. A lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ke kawo labarin yaƙin da Hausa, an tara kuɗi a lardunan Najeriya don sayen jiragen Spitfire, har runduna ta 91 ta sojan saman Ingila ta ɗauki sunan ƙasar. Jirgin kwamandanta Bobby Oxspring a 1942 yana ɗauke da sunan lardin Oyo a jikinsa. Wannan a Hawkinge yake, kusa da gaɓar tekun Ingila, filin ciyawa. Taɓo ne a tayoyinsa, babu haɓa a hancinsa, kuma rana ba ta ci shi sosai ba.

Kano ta sake karɓar jiragen yaƙi a wargaje a watan Agusta na 1967, makonni kaɗan da fara yaƙin basasar Najeriya, lokacin da manyan jiragen dakon kaya ƙirar Antonov suka sauke MiG-17 na Tarayyar Sobiyet. Matuƙa daga Masar ne suka fara tuƙa su, kuma ɓarnar da hare-haren sama suka yi wa farar hula a wancan yaƙi ba abin da fenti zai rufe ba ce. Ga mai samfuri, MiG aiki ne na dabam: jikinsa ƙarfe ne gaba ɗaya, ba farfela, ba hayaƙi a gefe, sai ƙonewar ƙarfe a bakin bututun baya, kuma fagen da ya yi aiki na ruwan sama ne da laima. Akwai guda a gidan tarihin yaƙi na Umuahia, tare da Il-28 da ɗan ƙaramin jirgin da ɓangaren Biyafara ya kai hari da irinsa a 1969 ƙarƙashin Carl Gustaf von Rosen. Masu ɗaukar hotonsu don kwaikwayo sukan shiga wani tarko a nan. Jiragen sun yi shekara da shekaru a waje suna shan damina, don haka tabon da ke jikinsu yau na zaman gidan tarihi ne. Wanda ke son MiG na 1968 sai ya nemi hoton da aka ɗauka a 1968, ko da baƙi da fari ne, ya kuma duba lambar da ke jikinsa kafin ya yanko sitika.